Aliyu Namangi, Makahon Da Masu Ido Suka Ci Gadonsa

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa kafin wayar salula ta kori kaset, da wuya a ce bai taɓa jin waƙar Imfiraji ba, ko da kuwa bai san sunanta ba. Ana jin ta da hantsi a ƙofar gida, ana jin ta a bakin masallacin Juma'a da tashar mota, galibi daga bakin makaho da ɗan jagoransa, ɗaya na bayarwa ɗaya na karɓa. Da yawa daga cikin masu miƙa sadaka sun ɗauka waƙar bara ce kawai, irin wadda ba ta da uba. To, tana da uba, shi ne Alhaji Dokta Aliyu Namangi na Zariya, wanda aka haifa wajen 1894, ya kuma rasu a 1990. Shi ma makaho ne, kuma bai taɓa ganin harafi ɗaya daga cikin abin da aka buga da sunansa ba.

An haife shi a ƙasar Zazzau a zamanin Sarki Yero, Turawa ba su iso ba tukuna. Yana yaro aka yi zamanin Kwasau, har Turawa suka shigo Zariya a 1902. Ya yi ƙuruciya da samartaka a ƙarƙashin Sarki Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, wanda shi kansa fasihi ne mai rubuta waƙa, har Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja. Daga nan ya ratsa zamanin Dallatu da Ibrahim da Ja'afaru da Muhammadu Aminu, ya kuma ci shekara 15 daga cikin sarautar Shehu Idris. Sarakuna takwas ke nan. A gabansa jirgin ƙasa ya fara shiga Zariya, a gabansa aka fara buga jarida da Hausar boko, a gabansa rediyo ya shiga zaurukan mutane. Duk waɗannan da kunne ya shaide su, domin idanunsa sun tafi tun yana ƙaramin yaro, a zamanin da agana da ƙyanda ke ratsa gari su bar gidaje da yawa da gawa ko da makaho.

Ya kamata mai karatu na yau ya san abin da ke jiran yaron da ya makance a wancan lokaci. Jama'a ba ta yar da shi ba, gaskiya ce, amma ta riga ta yanka masa gonarsa tun bai san kansa ba. Manyan garuruwa suna da unguwar makafi, kamar yadda Kano ke da tata a Dala, suna kuma da Sarkin Makafi mai yi musu shari'a da sasanci, mai kai kukansu fada. Sana'arsu sananniya ce, tufkar igiya da bara. Tsari ne da ke ciyar da mutum ya tufatar da shi, ya yi masa aure, amma ba ya tambayarsa abin da ke cikin kansa. Yaro mai kaifin basira da wanda ba shi da ita, ƙoƙo ɗaya ake miƙa musu.

Abin da ya ceci Aliyu daga tsayawa a nan shi ne irin karatun da ake yi a ƙasar a wancan zamani. Karatun allo da na zaure, kowa ya sani, rabinsu na kunne ne. Malam ya biya, ɗalibi ya maimaita, a yi ta tilawa har abu ya zauna. A zaure kuwa malam ne ke jan baƙi ya fassara da Hausa kalma bayan kalma, kuma da yawa daga littattafan da ake karantawa waƙe ne, an tsara su ne musamman domin a haddace. Ishiriniya ta Alfazazi da Burda da Hamziyya ta Busiri duk rerawa ake yi. A irin wannan makaranta mai ido ya fi makaho da abu ɗaya ne tak, shi ne duba takarda idan ya manta, shi kuwa makaho ya san ba shi da wannan gata, don haka bai yarda ya manta ba. Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin Musulunci. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a Masar a 1194, makaho ne, kuma waƙarsa mai baiti 1,173 ita ce har gobe masu ilmin ƙira'a ke haddacewa. Tun kafin shi, Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne ya yi ladanci a Madina, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha bar masa riƙon gari idan zai fita. A kan wannan turba Aliyu ya yi karatunsa, da kunne da hadda, har ya zama malamin da ya san Larabci da sira da ma'aunin waƙa.

Haka kuma ya tarar da wata hanya da magabata suka share. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u sun fahimci cewa littafin Larabci ba ya isa ga manomi da makiyayi da matar kulle, sai suka zuba ilmi a cikin waƙar Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u ta kafa 'yan taru, jajjaji na haddace waƙa su kai wa mata a ƙauyuka. A taƙaice, waƙa ita ce jarida, ita ce rediyon wancan zamani. Aliyu Namangi ya ɗauki wannan gado ne ya sa masa tasa muryar.

Babban aikinsa shi ne Imfiraji. Kalmar ta Larabci ce, tana nufin yayewar ƙunci da buɗi bayan tsanani, kuma tushenta ɗaya da Munfarija, waƙar nan ta Ibnun Nahwi da almajiran zaure suka sani. Mutumin da bai taɓa ganin fuskar matarsa ko ta 'ya'yansa ba shi ne ya zaɓi wannan suna, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa a tsaya a yi tunani. Imfiraji jerin waƙoƙi ne, kowace mai cin gashin kanta, waɗanda ya yi ta ƙara wa juna cikin shekaru masu yawa. An gina su bisa karin da masana ke kira ramal, kowane baiti ƙwar biyar, wato ɗango biyar, huɗun farko da ƙaramin amsa-amonsu, na biyar ya komo kan babban amsa-amon da ke ɗaure waƙar daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya saba da tahamisin Ishiriniya zai ji kamar ya shigo gida.

Masu nazari sukan ƙirga waɗannan a matsayin ado. Ni kuwa ina ganin ga makaho kayan aiki ne, kamar sandarsa. Marubuci mai ido yana da takarda, ya rubuta ya soke, ya ajiye ya kwana biyu ya dawo ya gyara. Aliyu Namangi a ƙirjinsa yake yin wannan duka. Sai ya auna ɗango da kunne, ya juya shi har ya daidaita, ya haɗa biyar su zama baiti, ya riƙe baitin a ka yayin da yake ƙera na gaba, kafin a samu mai alƙalami ya zauna ya yi masa shifta da ajami. Kari da amsa-amo su ne shingen da ke hana kalma zamewa, domin da zarar an musanya wata ko an yar da ita, kunne zai ji gurbin kamar yadda harshe ke jin gurbin haƙori. Wannan shingen da ya taimake shi wajen tsarawa, shi ne ya taimaki dubban mutanen da suka haddace waƙar ba tare da sun taɓa riƙe takarda ba.

Abin da ke cikin Imfiraji kuwa, zuciyarsa begen Annabi ne. Daga nan yake fita, can yake komawa. Amma a tsakani ya yi wa'azi mai ratsa jiki game da ruɗin duniya da mutuwa da kwanciyar kabari da tsayuwar alƙiyama, ya taɓo halayen mutanen zamaninsa ba tare da kara ba, ya kuma ba da labarin tafiyarsa aikin hajji. Hausarsa ba ta malaman da ke jibga Larabci don a san sun yi karatu ba ce. Yakan ɗauko abin da kowa ya sani a gida da kasuwa ya buga misali da shi, shi ya sa tsohuwa a tsakar gida ke fahimtarsa kamar yadda shehin malami ke fahimta. Abin mamaki shi ne yawan siffantawar da ke cikin waƙoƙin, wadda ke sa mai saurare ya ga abu ƙuru-ƙuru a zuci, alhali mai siffantawar daga bakin mutane da littattafan da aka karanta masa ya tattaro kayansa. Yana da wasu ayyukan ban da wannan, daga ciki akwai Nuniyya a kan tarihin Annabi, amma Imfiraji ta rufe su kamar yadda babbar inuwa ke rufe ƙanana.

Yanzu sai mu zo kan abin da ba a cika faɗa ba idan ana tarihin wannan bawan Allah, wato su wane ne suka yaɗa waƙar. Kafin maɗaba'a ta taɓa ta, kafin rediyo ya san da ita, makafi ne suka ɗauke ta a ka. Wannan ya koya daga wancan, wancan ya koya wa ɗan jagoransa, suka bi hanyar jirgi da hanyar fatake da ita. Mutumin Kazaure ko Roni ko Gwiwa da bai taɓa taka Zariya ba, da mutumin Ɓaɓura da ke gab da iyakar Nijar, ranar kasuwa suka fara jin Aliyu Namangi, daga bakin wani makaho da ya zauna a inuwa da ƙoƙonsa. Matan kulle, waɗanda ba sa zuwa zaure ba sa zuwa kasuwa, a soro aka kawo musu ita, suka biya da tsaba ko ragowar tuwo. Idan muka kira abin da sunansa na zamani, makafi su ne kamfanin rarraba wannan aiki, kuma ba wanda ya ba su kwangila.

Na san akwai masu cewa irin waɗannan waƙoƙi sun yi wa bara ado, sun sa ta zama abin da ba a jin kunyarsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an ɗora laifin ne inda bai dace ba. Bara ta girmi Imfiraji nesa ba kusa ba. Abin da waƙar ta yi shi ne ta sa makahon da ya tsaya a ƙofa ya zo da wani abu a hannunsa. Yana karɓar hatsi, yana barin ilmi da tunatarwa, ciniki ne da kowane ɓangare ya samu rabonsa. Wanda ya ji ya rage mugun aiki saboda baitin da ya ji a kan kabari, ya san ba a banza ya ba da sadakarsa ba.

Zaman Aliyu Namangi a Zariya ya sa ya yi maƙwabtaka da cibiyar ɗab'in Hausa. A nan Hukumar Talifi take, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi hukumar NORLA a shekarun 1950 lokacin yaƙi da jahilci, sannan kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. Ta wannan hanya waƙoƙinsa suka tashi daga ajami suka shiga boko, har NNPC ya fitar da Imfiraji a littattafai biyu, na ɗaya zuwa na huɗu, da na biyar zuwa na tara. Daga nan suka shiga aji. Ɗalibai suka yi jarrabawa a kansu, malaman jami'a suka rubuta kundaye, Turawa masu nazarin adabin Hausa irin su Mervyn Hiskett da Graham Furniss suka ambace shi a littattafansu. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962 yana da kusan shekara 68, ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Mutumin da bai taɓa zama a benci ba aka sanya wa alkyabbar jami'a, kuma ko kusa ba alfarma aka yi masa ba. Rediyo ma ya ɗauki nasa rabon, kuma muryar Fauziyya Sarki Abubakar ta kai Imfiraji kunnen wasu samari da 'yan mata da ba su riski makafin soro ba.

Sai dai a nan ne gadon ya sauya hannu ba tare da an lura ba. Da waƙar ta koma littafi, ta zama kayan mai ido. Shi zai buɗe shafi ya duba, shi zai yi sharhi, shi zai samu digiri da aikin koyarwa a kanta. Makahon da ya dakonta shekara da shekaru bai samu kujera a ajin da ake karantar da ita ba, domin makarantar boko, saɓanin zaure, a kan allon bango da takarda ta dogara. Hanyar da za ta shigar da shi ajin kuwa ta daɗe da samuwa. Louis Braille, wani yaro makaho a Faransa, ya kammala tsara rubutun makafi mai ɗigo shida a 1824 yana ɗan shekara 15, wato shekara 70 kafin haihuwar Aliyu Namangi. Amma makarantar makafi ta farko a Nijeriya sai a 1953 aka buɗe ta, a Gindiri, kuma mishan ne suka buɗe, abin da ya sa iyaye Musulmi da yawa suka noƙe. A lokacin Malam Aliyu yana dab da shekara 60.

Idan ana son a ga girman abin da aka rasa, a dubi tsaransa na Masar, Ɗaha Husaini, wanda aka haifa a 1889, ya kuma makance yana yaro kamar yadda Aliyu ya yi. Shi ma da hadda ya fara, ya shiga Azhar, amma ƙofa ta ci gaba da buɗe masa, ya yi digirin dokta a jami'ar Alƙahira a 1914, ya ƙaro wani a Faransa, har ya riƙe ministan ilmi daga 1950 zuwa 1952. Ban kawo wannan don in ce ɗaya ya fi ɗaya ba, kowa da rabonsa, kuma na tabbata Malam Aliyu ba zai musanya begensa da kujerar minista ba. Na kawo shi ne don a tuna da sauran yaran unguwar makafi da suke da irin wannan ƙwaƙwalwa, waɗanda ba su zama ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Yawansu kuwa ba kaɗan ba ne. An kawar da agana daga duniya, an sanar da haka a 1980, amma makanta ba ta tafi da ita ba. Binciken ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, sama da mutum miliyan ɗaya, kuma kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta irin wadda ake iya karewa ko warkarwa ce, yanar ido na kan gaba. Hukumomi sun ɗan motsa. A 2007 gwamnatin Sule Lamido a Jigawa ta fara ba naƙasassu naira 7,000 a wata domin su bar bara. A 2017 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta halatta a juya littafi zuwa rubutun makafi ko murya ba tare da jiran izinin mai haƙƙin mallaka ba, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta shigar da wannan cikin dokar ƙasa. A watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Duk wannan abin a yaba ne. Amma kusan duk tunaninmu a kan cikin makaho yake tsayawa, abin da zai ci da inda zai kwana. An ɗauke shi daga bakin titi, madalla, sai dai a bakin titin nan yake jin labarin gari, a nan kuma yake isar da abin da ya haddace, kuma ba a tanadar masa wani dandali a madadinsa ba.

Abin da ake bukata ba ya fi ƙarfinmu. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, tana da cibiyar koyar da kwamfuta da aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki. Ɗakin ɗaukar murya guda da injin buga rubutun makafi guda sun isa a fara mayar da littattafan Hausa na firamare da sakandare zuwa abin da yaro makaho na Roni ko Gwiwa zai iya ji ko ya shafa da yatsa, kuma doka ta riga ta ba da dama. Idan za a fara, ban ga littafin da ya fi cancanta a fara da shi ba kamar Imfiraji, a kuma nemo tsofaffin makafin da suka rage da ita a ka, a naɗi muryarsu kafin su tafi, domin irin rerawarsu ba ta cikin kowane littafi.

Malam Aliyu ya yi tsawon rai. Ya ga bayan Turawan da suka zo yana yaro, ya shaidi mulkin kai a 1960 da kisan Sardauna a 1966 da yaƙin basasa, ya kuma riski zamanin kaset, lokacin da mutum ke iya sayen murya a kasuwa ya tafi da ita gida. Ya rasu a 1990 yana da kimanin shekara 96, shekara guda kafin a yanke Jigawa daga Kano. Allah Ya jiƙansa, Ya sada shi da wanda ya ƙare rayuwarsa yana bege.